Inda Aka Kwantar da Ummi

Zuwa ga ƙanena, Dakta Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya a can ƙasar Holan, na ga hotonka ana tafa maka. An ce ka gano asalin 'yar kalmar nan mai harafi uku, wadda Jamusawa da mutanen Holan ke faɗa, jikokin bayi a Suriname ma suke faɗa. Mabruk. Ni ko riƙe ta ban yi ba.

Ka tuna zuwanka na ƙarshe gidanmu na unguwar Harra ta Yamma, nan Madina? Kana yi wa Ummi bayanin yadda kalmar ta hau jirgin ruwa ta ƙetare teku, ita kuwa tana ɓare tafarnuwa. Ta ce, "Kakarka ma a ƙafa ta zo daga Damagaram, ba wanda ya rubuta."

Da ta kwanta a mustashfa, wato asibiti, na kira ka, ka ce saura taro ɗaya. Ta rasu kana wurin taron.

Ka san Baƙi'a. Ba a rubuta suna a kan kabari, mu mata kuma ba ma shiga. Bayan sallar La'asar a Harami aka ɗauke ta, na bi har bakin shinge, nan na tsaya. Ɗa namiji ɗaya ta haifa, amma maƙwabta ne suka sa ta a ƙasa. Wallahi, Habibu, ban huce ba.

Cikin waɗanda suka shiga, Baba Idi na unguwar Jurf ne kaɗai ya lura da wurin. Ya ce wajen katanga ne, ta hannun dama, kwatance ba zai yi ba sai dai ya kai mutum. Ni ba zai iya kai ni ba. Ga shi idonsa ya soma hazo, jiya ma da sunan Ummi ya kira ni.

Haba, ɗan'uwana. Ni na goya ka. Har yanzu in na dama kunun gyaɗa sai na tuna yadda kake lashe ludayi. Ba haƙuri nake so ka ba ni ba. Ka zo Baba Idi ya nuna maka tun yana ganewa, ka fito ka nuna mini da yatsa ta tsakanin ƙarafunan shinge, in san inda zan fuskanta in na yi mata sallama.

Allah Ya jiƙan Ummi, Ya haskaka kabarinta, Ya kawo ka kafin tsohon nan ya manta.

Yayarka,
Rakiya, Madina