Nisan Da Bai Kai Yatsa Ba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raba ku da abin ƙi. Mu nan sai godiya. Yayarki, uwargidana, tana fama da ciwon ƙafa, amma bakin nan nata lafiya lau.

Ina sanar da ke, da duk girmamawar da lamarin ya cancanta, cewa an rataya sabon agogo a filin jirginmu. Na je na gani da idona. Yana tafiya daidai, kuma a duk filin shi kaɗai ne ke tafiya.

Kin tambaya ko jirgin da ke haɗa mu zai dawo. Na sami mai sayar da tikiti yana ba tumatirinsa ruwa a bayan ofis. Ya ce tsakanin filinmu da naku tafiyar ba ta kai awa guda ba, wannan har gobe gaskiya ne, sai dai babu jirgin da ke yin ta. Dole ki tashi zuwa babban birni, ki kwana, ki jira ɗan ƙaramin da ke leƙo mu sau ɗaya a mako. Shi ma ba ya tashi sai kujerunsa sun cika. Ga titin saukarmu ba fitila, in la'asar ta yi sanyi bai taso ba, to sai wani makon. Na ce masa na karanta labarin mutanen da suka ƙetare teku a kwalekwale ba su sha wannan jira ba. Ya ce su ai iska suke jira, ita kuwa tana zuwa.

Kin tuna ranar da muka yi shawarar inda Baba zai zauna? Ni na buɗe taswira a tsakar ɗaki, na aza yatsa tsakanin garuruwan nan biyu, na nuna muku ko gaɓa ɗaya nisan bai kai ba. Na ce nan likita ya fi kusa, ke kuma za ki karya a gidanki, ki yi azahar tare da shi. Kowa ya bi tawa, don ni ne mai littattafai.

Baba yana ci yana sha, amma kansa kullum raguwa yake. Shekaranjiya da sunan ƙaninsa marigayi ya kira ni, ya kuma tambayi yayarki ko ita baƙuwa ce. Ke kaɗai ba ki ɓace masa ba tukuna. Da ya ji ƙara sai ya ce a share ɗaki, jirgin Auta ya sauka. Injin niƙan maƙwabta ne. Likita ya ce jikinsa ba zai ɗauki doguwar tafiyar mota ba, kuma duk wanda ya fita daga kan Baba ba ya komowa.

Kada ki ƙara jiran jirgi. Ki hau mota, ko da kwana biyun ne da munin hanyar. Ba zan yi miki alkawarin zai gane ki in kin iso ba.

Ki gaishe da maigidanki, da Gwaggo, da 'yan biyu, da Ƙarami mai rigima. Tun farko kin ce a bar Baba wurinki. Ke ce da gaskiya, ni na yi kuskure.

Naki,
Yaya