Sha Biyar a Ƙarƙashin Katifa

Gwarinpa, Abuja
Maris, 2005

Yaya Lantana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara. Ya ƙafar taki? Ni ma lafiya, sai nauyin ciki, ya shiga wata takwas.

Maganar ba ta waya ba ce, domin tun da Hajiya, mahaifiyar maigidana Injiniya, ta zo daga Katsina jiran haihuwata, kunnenta na ko'ina a gidan nan. Ran Asabar ina juya katifa na tsinci ɓallin tayil, daidai wajen ƙafafuna. An zana masa gida tara da lambobi: huɗu, tara, biyu a sama, uku, biyar, bakwai a tsakiya, takwas, ɗaya, shida a ƙasa.

Kin san da lissafi nake cin abinci, sai da na tara su kafin tsoro ya zo. A kwance sha biyar, a tsaye sha biyar, a karkace ma sha biyar. Dole ne, domin daga ɗaya zuwa tara arba'in da biyar ne, an raba gida uku, kuma in ba biyar ce a tsakiya ba, abin ba ya tashi. Na sha ba ɗalibaina shi a allo. Amma na ƙarƙashin katifar mai ciki ba darasi ba ne, hatimi ne, Yaya.

Wa zai sa? Injiniya ko laya ya gani a wuyan yaro dariya yake yi. Hajiya kuwa ba ta taɓa ɓoye cewa ba 'yar boko ta so wa ɗanta ba, kuma tun ɓarina na biyu take min wani irin kallo. Don Allah ki tambayar min Malam aikin wannan hatimi. Ina tsoron cikin nan ma ya tafi.

A gaida kowa.
Ƙanwarki, Mashkura

Afrilu, 2005

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin Malam? Shiru ban ga amsarki ba.

Na daina shan kunun Hajiya. In ta kawo sai in yi godiya, in ta fita in tuttular a bayi. Ɗakina da makulli yanzu. Ko kafaɗata ta dafa sai in ja da baya.

Jiya haƙurina ya ƙare. Bayan la'asar, Injiniya na zaune, na ajiye tayil ɗin a gabanta, na ce ina son sanin mai wannan aiki. Ta daɗe tana kallonsa, ta ɗaga kai ta dubi ɗanta, sannan ta ce, "Ni ce na sa." Yau da safe ta haɗa kayanta, direba ya kai ta tashar Jabi.

Kin ga zatona ya tabbata. Abin da ya tsaya min shi ne Injiniya. Bai kare ta ba, bai goyi bayana ba, sai kallon ƙasa, abinci ma ya gagare shi. Ban yarda da wannan shirun ba.

Ki sa ni a addu'a.
Mashkura

Mayu, 2005

Yayata,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na gode da zuwanki suna, jaririya na tsotso sosai. Akwai abin da na kasa faɗa miki a cikin mutane.

Wasiƙarki ta kwana biyu a motar direba, sai ina asibiti ta same ni. A ciki na karanta cewa hatimin sha biyar na sauƙin naƙuda ne, har Innarmu an sa mata a haihuwata. Da na dawo gida na ɗauko tayil ɗin. Ni da na tara shi ta kowace fuska, sai ranar na lura lambobin boko ne, Hajiya kuwa ba ta taɓa riƙe biro ba. Tayil ɗin ma irin na ginin da Injiniya ke dubawa ne.

Na tsare Injiniya, ya amsa shi ya sa. Bayan ɓarin nan ne tsoro ya kai shi wajen wani malami a Abaji, ya kwafo hatimin da hannunsa, kunya ta hana shi faɗa. Yana zaune uwarsa ta ɗauki laifinsa, ya bar ta ta hau mota. Har yanzu ban iya haɗa ido da shi ba.

Shi ya sa na dage aka sa wa yarinya sunanta, kin kuma gani ba ta zo ba. In na yi arba'in, don Allah ki raka ni Katsina, ba zan iya shiga gidan ni kaɗai ba. Shekaranjiya Hajiya ta aiko min da garin kunun kanwa, ƙulli babba. Ta ce a faɗa min in dama da hannuna, don wannan karon ya shiga cikina.

Taki har kullum,
Mashkura