In Shimfiɗa Tabarmin ko In Naɗe Guda?

Daga Madawa, zuwa ga mai sunan Malam, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka da mutanen gidan da kake haya.

Mu nan gida sai godiya. Babanka yana nan lafiya in ban da gwiwar nan tasa, amma ta kasa hana shi zuwa garkar albasa. Kakarka ta yi masassara makon jiya, ta samu sauƙi, har ta koma faɗa da kaji. Ƙanwarka Ramatu ta zo daga Galma da jaririnta, yana fitar da haƙori, ya rame kaɗan. Ƙanenka Bashiru ya faɗi da moto, wato babur, ya goge hannu, ba karaya. Ni idon hagu ke yi mini ruwa, sauran jiki ba laifi. Akuyar nan da ta taɓa cinye maka wayar caji ta haifi biyu, kuma dukansu sun ɗauko halinta.

Ban rubuta sunanka ba. Kai ne na fari, bakina bai taɓa kiransa ba, ashe hannu ma yana jin kunyar da baki ke ji.

Za ka yi mamakin ganin takardata a nan, cikin zauren waya na ƙungiyarku, inda kowa zai karanta. Na aika maka saƙon murya ba sau ɗaya ba, na ga alamar ka saurara, amsa ba ta zo ba. Nan kuwa na san kana leƙowa. Kuma maganar ba taka ba ce kai kaɗai, ta yaran nan ce duka. Ku yi haƙuri da rubutuna. Sai da na yaye Bashiru na shiga karatun manya, har yau in na zo kan wata kalma sai na tsaya na faɗe ta da baki kafin yatsa ya yarda.

Maganar taron Asabar ce. Yana neman rabewa biyu.

Ka tuna lokacin da ka gama karatu ka dawo, ka wuni ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida da ordinateri, kwamfutar nan taka, a cinya, kana magana kai kaɗai? Na ɗauka wani abu ya taɓa ka. Da na matsa, ka ce mini aikinka shi ne rubuta wa na'ura abin da za ta yi, kuma ba a iya shi in mutum ba ya da wanda zai nuna wa kuskurensa. Daga nan ka hau moto ka bi Buza, ka bi Keita, kana shiga shagunan gyaran waya da na buga takardu kana tambaya ko akwai mai koyon irin wannan aiki. Babanka ya ce, "Mutane na yawon neman aure, naki yana yawon neman masu ciwo irin nasa."

Ka zaɓi Asabar ɗin farkon kowane wata. Ka ce Juma'a ta masallaci ce, Lahadi kuma ba za a samu su Ishaya ba, yaran ma'aikatan asibitin mishan, suna majami'a. Ranar farko na dafa dambu da zogale kamar za a yi suna. Waɗanda suka zo ba su cika tabarma guda ba. Maƙwabta suka ci dambu har suka gaji. Kai kuwa ko a jikinka, kana ta murna kamar an ba ka mota.

Ban san komai ba cikin abin da kuke rubutawa, amma dokokinka biyu na riƙe su, don kullum daga bakin murhu nake jin ka. Ta farko, kowa ya zo da abin da ya gagare shi, kada ya zo da abin da ya gama don a yaba masa. Ta biyu, wanda ya iya ba ya karɓe ordinateri daga hannun mai koyo, sai dai ya faɗa da baki. Ina tuna Illiyasu, abokinka da ya fi kowa saurin hannu, yana zaune a kan tafukansa don kada su kai wa na'urar wani, yana cewa, "Wallahi Injiniya, wannan doka taka azumi ce." Na gane wannan dokar tun kafin a yi mini bayani. Malamar da ta koya mini baƙaƙe ba ta taɓa karɓe alli daga hannuna ba, ko da na rubuta harafi a juye.

Sai 'yan mata suka fara zuwa, kuma nan ne nake so ka tsaya ka duba.

Zainabu ta garin Tama ba ta zo ita kaɗai ba ranar da ta fara zuwa. Mahaifinta ne ya kawo ta a bayan moto. Bai dubi na'urorinku ba, bai tambaye ka karatunka ba. Ni ya nema. Na ba shi fura, ya sha, ya ce, "Hajiya, in suna wannan zama, kina ina?" Na ce ina nan, ga murhuna, ga kujerata. Ya ce, "To, shi ke nan." Ya hau motonsa. Mahaifin Rahila, ƙanwar Ishaya, shi ma haka, sai dai shi da uwarta suka zo tare. Duk yarinyar da ka gani a kan tabarmar nan, sai da wani ya shigo ya dubi fuskata tukuna. A gidajensu ba a cewa sun tafi taron masu manhaja. Cewa ake yi sun tafi gidan Inna.

Ka san abin da ya fito daga nan. Manhajar Zainabu da ke tsara wa masu garka a Tama layin injin ban ruwa, yanzu har kawunanta na aiki da ita, an rage faɗan bakin rijiya. Rahila tana nan tana fama da tata, mai tuna wa uwaye ranar rigakafi da muryar Hausa. Muryata ta ɗauka. In wayar wata ta yi ƙara a garin Dewule tana cewa gobe a kai yaro allura, uwarka ce.

Tun da aiki ya kai ka Yamai, taron bai mutu ba. Ƙaruwa ma ya yi, kuma ƙaruwar ce ta kawo wannan magana. Tabarmi sun cika har bakin turken awaki. Inuwar dogon yaro ba ta isar kowa, ga zafin bazara. Watan jiya wani saurayi ya taso tun daga Keita da aikin da ya daɗe yana gagararsa. Ana zuwa kansa aka ɗauke wuta, batirinsa ya mutu, rezo, wato sabis ɗin waya, shi ma ya bi su. Ya zauna yana kallon baƙin gilashi. Ya ci abinci, ya yi godiya, ya koma tasha. Na ji abin nan a raina har kwana ya kewayo.

Illiyasu, wanda ka bar wa riƙon taron, ya nemo mafita. Wani mai makarantar koyon ordinateri a bakin babbar hanya ya yarda ya ba su ɗakinsa. Akwai tebura, akwai wutar rana da ba ta yankewa, akwai sanyi. Sai dai da rana yana da ɗalibai, ɗakin ba ya samuwa sai bayan magariba.

Ka ga inda abin yake. Bayan magariba ba motar Buza, ba ta Keita. Samari za su iya kwana wurin abokai. Zainabu fa? Rahila fa, da sauran? Ba uban da zai bar 'yarsa ta shiga ɗakin bakin hanya da samari bayan faɗuwar rana, kuma ni ba zan ga laifinsa ba.

A taron da ya wuce ba a buɗe ordinateri ko ɗaya ba, gardama aka yi. Illiyasu ya ce, "Da Injiniya na nan, da tuni mun bar karatu gaban akuya." Zainabu ta ce masa, "Akuyar ta riga ka zuwa taron nan, ka girmama ta. Da yana nan, da ya fara tambaya wa za a bari a baya." Ishaya ya so ya raba, suka haɗu suka ce masa ya bari sai ya iya dafa shayi tukuna. An yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Kowa da sunanka yake rantsuwa, kai kuwa shiru. Sun tsayar cewa a taro mai zuwa za a yanke. Na ji wasu na cewa in ba a tashi ba su za su tashi, na ji 'yan matan na cewa in an tashi sun bar zuwa. Illiyasu, na san kana karantawa. Ba ka yi laifi ba, ɗana. Kai ma saurayin Keitan nan ne ya tsaya maka a rai.

Na zauna na tambayi kaina gaskiya. Don yaran nake so taron ya tsaya a gidana, ko don kaina? Ba zan ɓoye maka ba, da nawa a ciki. Ranar Asabar ɗin nan ce kaɗai gidan ke yin irin ƙarar da yake yi lokacin da kake nan. In na ji wani ya buga cinya ya ce ta yi, ta yi, sai in ɗago kai daga tukunya kafin in tuna ba kai ba ne. Amma ba zan riƙe yaran mutane cikin rana don in ji motsi a gidana ba.

Don haka na yafa mayafi na tafi wurin mai makarantar da ƙafata. Mutumin kirki ne, ya ba ni kujera. Na tambaye shi ko safiyar Asabar guda a wata za ta samu. Ya ce zai iya matsar da ɗalibansa, amma ba zai tayar da darasi don mutanen da bakinsu bai zama ɗaya ba. A kawo masa magana guda, ya ce, daga wanda duka suke jin maganarsa.

Ranar kasuwa kuma na tare mahaifin Zainabu wurin masu buhunan albasa. Na ce masa, in taron ya koma wani ɗaki da rana, ni kuma na ɗauki tabarmata na zauna a bakin ƙofa daga farko har a tashi, ya yarda? Ya dube ni, ya yi dariya. Ya ce, "Hajiya, ni dama ba katangarki na ba ajiya ba."

To ka ji iyakar abin da na iya. Dambu ana iya ɗaukarsa a kwano, ba nisa. Babanka ya ce in dai zan riƙa dawowa kafin la'asar, ba ruwansa, har ya ƙara da cewa a tafi da akuyar ma. Amma ni ba ni ce zan faɗa wa ƙungiya abin da za ta yi ba. Ban san aikinku ba, kuma in na sa baki za a ce Inna ta goyi bayan 'yan mata. Saura kalmarka. In ka ga wannan hanya ta yi, ka faɗa, Illiyasu zai ji, Zainabu za ta ji. In kuwa kana ganin taron ya wuce hannunka, wannan ma ka faɗa a fili, ka ce musu nasu ne, su daina jiran wanda ba ya nan, su dubi juna su yanke. Shirun ne kawai ba zai yi ba. Shi ke raba su.

Yanzu bari in yi maganar da ta fi wannan damuna, ko da yaran na karantawa. Ku kawar da kai kaɗan.

Me ya same ka? Hoton da ka sa kwanan baya, wuyan rigarka ya yi maka yawa. Kana cin abinci kuwa, ko shayi da burodi ne safe da yamma? Ramatu ta ce wataƙila kunya kake ji, wai ka tara mutane ka tafi ka bar su. In haka ne, ka sauke wannan kaya. Ba gudu ka yi ba, aiki ya kira ka, da albarkarmu ka tafi. In kuma aikin ne bai tafi yadda ka zata ba, ka tuna dokarka ta farko. Kai ka ce kowa ya zo da abin da ya gagare shi. Ban ji ka cire kanka ba.

Ban taɓa zama na yabe ka a gabanka ba, ba a yi wa ɗan fari haka. In ka shigo ɗaki ma kai nake kawarwa. Amma duk ranar da kake zaune kana nuna wa ɗan wani hanya, hannuwanka a bayanka, ina kallonka ta gefen ido har tuwo ya kusa kamawa. Abin da ya kai ni karatun manya shi ne in riƙa karanta takardar likita da kaina. Ban san zai kai ni ranar da zan faɗa maka wannan ba.

Allah ya tsare mini kai a inda kake. Allah ya ba ka lafiya da abokan zama na gari, ya sa albarka a aikin hannunka. Allah ya haɗa kan yaran nan, na masallaci da na majami'a, na gari da na ƙauye, mazansu da matansu, ya sa kada a bar kowa a baya. Amin.

Ka ba da amsa kafin Alhamis ɗin da ke gaban taron, don na Keita da na Buza su san inda za su sauka, mai makaranta kuma ya san abin da zai gaya wa ɗalibansa. Ko layi guda ne ya isa, a nan inda kowa zai gani. Ni dai ranar Juma'a da yamma zan kakkaɓe tabarmi kamar kullum. Ka gaya mini in shimfiɗa su ƙarƙashin dogon yaro, ko in naɗe guda in ɗora a kai.

Babanka da kakarka suna gaishe ka.

Ni ce,
Innarka.