Haikalin da Fari Ya Tono

Sabuwar Hulimatti,
Afrilu, 1987.

Zuwa ga yayana Sharanappa,

Ina taɓa ƙafafunka da gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Yaya Bombay da aikin masaƙa? Mu nan lafiya, in ban da fari. Dawar bara ko iri ba ta mayar ba.

Yaya, ruwan madatsa ya ja baya har tsohon garinmu ya fito. Tsinin haikalin Someshwara aka fara hangowa, sai bango, sai ga bijimin dutsen nan gurfane a bakin ƙofa. Ni ina goye aka tashe mu, sai yanzu na ga abin da kuke ba ni labari.

Da Baba ya ji, sai ya miƙe. Ya yi wanka, ya shafa toka a goshi, ya ɗauki sandarsa, na bi shi a baya. Da hannunsa ya kwashe taɓon da ya rufe dutsen ubangijinmu Shiva, yana kuka yana cewa, "Ka yafe mana, mun daɗe." Ka san ba ya fashin hidima a ɗakin sumuntin da aka gina mana a nan, amma ban taɓa jin muryarsa ta fito haka ba.

Yanzu masu ziyara sun cika wurin. Wasu kwana da kwanaki suke tafe ba takalmi, da kwakwa da furanni a ka. Wata tsohuwa ta jawo ɗanta, ƙato har da furfura, wai tun yana ciki ta yi alkawarin a nan za a yi masa aski. Ana ta dariya, ta ce, "Ku yi ta yi, ni na ɗauki alkawarin ba ku ba. Kai kuma durƙusa!" Ya kuwa durƙusa.

Ka zo, Yaya. A wannan ɗaki aka raɗa maka suna.

Ƙanwarka,
Nilamma.

Yuni, 1987.

Yayana,

Gaisuwa da girmamawa. Ina fata tarin ƙaramar ɗiyarka ya lafa. Na ga wasiƙarka, na kuma gane ba za su ba ka hutu ba sai bikin Diwali. Ban gaya wa Baba ba tukuna.

Lokacin ruwa ya yi, sama shiru. Dattawa suka roƙi Baba, da yake shi ne mai hidimar haikalin, ya yi addu'ar nan ta kakanni, wadda ake toshe magudanar ɗakin ibada a yi ta zuba ruwa har dutsen ya nutse. Baba ya ce ranar ba ta yi kyau ba. Suka dawo, ya ce wata bai daidaita ba. Kowa ya gane, ba wanda ya iya faɗa.

Sai maƙwabcinmu Durgappa ya tare shi a gaban jama'a. Ya kira shi da laƙabinsa na girma, ya ce, "Swami, na sayar da shanuna. Jikata tana kwance saboda ruwan kududdufi. Kai naka ya dawo maka, mu fa?" Aka yi ca a kansa, wai ya yi rashin kunya. Baba ya ɗaga hannu ya ce a ƙyale shi.

Da muka koma gida ya ture gurasar dawar da na ajiye masa. Can ya ce, "Nila, in na roƙa aka amsa, da bakina na sake nutsar da shi." Ni ma ruwan nake so. Na dai riƙe hannunsa.

Washegari shi ya riga kowa isa haikalin. Masu ziyara suka jeru tun daga bakin ruwa mai nisa har ƙofar haikali, tulu yana wucewa hannu zuwa hannu, baƙo da ɗan gari. Baba yana zubawa yana karatu, muryarsa ba ta yi rawa ba har dutsen ya ɓace a ruwa. Yanzu jira muke.

Taka,
Nilamma.

Agusta, 1987.

Yayana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, ina sanar da kai an yi ruwa, mai yawa. Mun yi shuka. Jikar Durgappa ta miƙe.

Madatsa ba ta yi jinkirin cika ba. Kullum in muka je sai mu tarar ruwa ya ci wata matakalar haikalin. Ranar ƙarshe a cikin ruwa iya idon sawu Baba ya yi hidima. Ya kunna fitila, ya sa wa dutsen furanni, ya tsaya bai motsa ba har ruwa ya kai masa gwiwa. Durgappa ne ya kutsa ciki ya ce, "Swami, hau bayana, ko in ɗauke ka kamar buhu." Baba ya hau. Bai waiwaya ba.

Bayan haka ya kwanta, ba ci ba magana, har na fara shirin buga maka waya. Ana nan sai ga wasu masu ziyara daga can ƙasar Bidar, labari bai kai musu da wuri ba. Suka tarar da ruwa shimfiɗe, ko tsini babu. Wata mata a cikinsu ta zauna a gaɓa tana rusa kuka. Da Baba ya ji, ya ce in miƙo masa sandarsa. Ya sa aka kawo kwalekwalen nan mai kama da kwando, ya shiga da su, yana duban duwatsu yana gyara wa matuƙi hanya. A tsakiyar ruwa ya ce, "Tsaya. Nan ne." Suka fasa kwakwa, suka zuba furanninsu.

Tun daga ranar yana cin abinci, kuma duk Litinin yana fita da waɗanda suka zo. Na gaya masa batun hutunka. Ya ce kada ka sa wa ranka damuwa, ka zo da yaran gaba ɗaya, zai kai ku. Ya san wurin.

Gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka mai begenka,
Nilamma.