Zanen Goyon Bilki

Ƙurban, Madina
Ranar Talata, bayan La'asar

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, Allah ya ƙara maka haske a inda kake kwance.

Ni ce, Hajara. Rabi matar Malam Sani mai koyarwa a jami'a, wadda ƙofarsu ke kallon tamu, ita ke rubuta min. Ka san karatuna bai wuce na sallah ba. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara min magana, kada kuma ta ɗiga min hawaye a takarda. Na san ba za ka karanta ba. Da kana da rai ma sai an sha wuyar nemo maka tabarau. Amma mata ba sa shiga maƙabartar Baƙi'a, iyakata bakin katanga, in leƙa ta tsakanin ƙarafa in ga duwatsu duk iri ɗaya, ban san wanne ne naka ba. Ga askarawa na cewa a matsa. Wa zai yi doguwar magana a nan?

Gida lafiya. Habu ɗan yayarka ya sabunta min iƙama, takardar zaman ƙasa, ba wanda ya kore ni. Mukayyif ɗin nan mai sanyaya ɗaki da ka yi shekara uku kana cewa gobe za ka gyara, an gyara. Mai gonar da ka yi wa aiki a Awali ya aiko da kwalin dabino da kaka, ya ce wanda ya gaje ka bai iya barbarar dabino ba, rabin bishiyoyin ba su yi 'ya'yan kirki ba. Gwiwata tana nan yadda ka bar ta.

Abin da ba ka sani ba, gidanka ya zama gidan kyanwoyi.

Bayan na fita takaba na rasa abin yi da hannuna. Abincin mutum ɗaya ba ya cin lokaci. Sai na riƙa ajiye ruwa a tsohon kwanonka a bakin ƙofa saboda kyanwoyin titi, don zafin bara ko ƙarfe ya ji shi. Wata rana wata mata ta tsayar da mota ta tsaya tana kallona. Ummu Yasir ake ce mata. Jikar Hausawa ce, a nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Larabci take ba ni amsa, ni kuma in mayar mata da Hausa, haka muke har yau. Su wasu mata ne da suka haɗa kansu saboda Allah, ba albashi. Suna tsintar kyanwoyi da karnukan da mota ta buge, ko waɗanda aka zubar a kwali bayan baƙala, wato kantin unguwa, su kai wa likitan dabbobi, sannan su nemi gidan da za a riƙe su kafin a samu mai so. Ta ce ba ya buƙatar karatu, zama yake buƙata. Na ce zama kam ina da shi fiye da kowa a unguwar nan.

Da ta gama bayani na ce mata ai wannan riƙo ne, mu ma muna yi, amma da 'ya'yan mutane. Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Goma sha ɗaya suka bi ta hannuna zuwa yanzu. Wasu idonsu ko buɗewa bai yi ba, sai da 'yar kwalba mai bakin roba, ka ɗumama madararsu ta musamman, ka gwada a bayan hannu. In sun sha sai ka shafa musu ciki da auduga mai ɗumi, in ba haka ba ba sa iya fitsari, uwar ce ke lasar su. Ka taɓa sanin haka? Ni sai da na tsufa. Biyu sun mutu min. Na naɗe su a tsumma, Habu ya kai su bayan gari. Ban yi kuka ba, rai ne ya zo ya koma.

Har kare na riƙe, kada ka zaro ido. Kwikwiyo ne, a hanyar Awali aka tsinto shi da karayar ƙafa. Sati uku ya yi a saman gida. Matar Bayamanin nan ta ƙasa ta yi ta mita, wai na hana mala'iku shiga gini. Na ce mata a sama yake, ba a ɗaki ba, kuma da kunnena na ji mijina yana cewa a mazhabarmu ba a ɗaukar kare mai rai najasa, in tana da ja ta je ta tambayi Malam Sani. Ba ta je ba. Daga baya ma ita ke aiko da ƙashin kaza.

Wannan kwikwiyon shi ya sa nake maka wasiƙa.

Da ƙafar ta haɗe, wani mai tumaki ya ce yana so don gadi. Ni kuma ga ni da tsabta, na yi masa wanka da sabulu, na miƙa shi fes, na tattara buhun da yake kwana a kai zan zubar. Kwana uku sai ga Ummu Yasir da sassafe, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce ina buhun. Wai tun da aka kai shi bai ci ba, bai sha ba, sai kuka. Allah ya sa motar shara ta baladiyya ba ta kwashe ba. Ta ɗauka da dauɗarsa da warinsa ta kai. Da yamma ta nuna min a waya, ya kwanta a kai, ya cinye abin da aka zuba masa. Tun da safen, kafin ta tafi da buhun, ta ce laifinta ne da ba ta gaya min tun farko ba, ƙa'idarsu ce, ba a miƙa dabba hannu sake. Sai an haɗa ta da tsumman da take kwana a kai, kuma ba a wankewa. Warin gidan da ta sani shi ke riƙe ta har ta saba da sabon.

Na ce to. Na rufe ƙofa, na zauna a ƙasa a nan bakin ƙofar, har aka kira Azahar ban tashi ba.

Ka tuna zanen Bilki?

Rabi ba ta san Bilki ba, bari in faɗa don ta gane abin da take rubutawa. 'Yar ƙaninka Lawali ce. Da aka yaye ta suka bar mana ita suka koma Maradi, tunda Allah bai ba mu namu ba. Shekara biyar tana bayana da gefena. Zanen da na goya ta da shi, shuɗin nan mai zanen ganye, ba ta barci sai ta damƙe bakinsa ta kai hanci. Har ta kai shekara bakwai haka take. Sai Lawali ya zo aikin hajji ya ce zai koma da 'yarsa. Kai kuma ka ce masa to, a zaure, ba ka shigo ka tambaye ni ba. A bakin Bilki na ji, ta shigo da gudu tana murna za ta hau jirgi.

Safiyar tafiya aka nemi zanen aka rasa. Ka ɗaga katifa, ka zazzage kwando, ka hau sama ka duba igiyar shanya. Mai mota yana ta danna oda, yarinya tana birgima a ƙasa. Ka juyo ka tambaye ni sau ɗaya, na ce ban gani ba.

Ƙarya na yi, Malam. Ni na ɗauke. Na ninke shi na tura ƙasan akwatin ƙarfena tun da Asuba. Na ce a raina kun ɗauke min yarinya, wannan kam ba za ku samu ba. Ban yi tunanin ita ba ko kaɗan. Kaina na yi wa. Da Lawali ya aiko da kaset bayan wata biyu yana cewa Bilki ba ta barci, ta rame, sun kai ta wurin malamai an yi rubutu, ina zaune ina tsince shinkafa na ji. Ka kashe rediyon ka fita masallaci. Ko a lokacin da na ba wani alhaji ya kai mata, da ya isa. Ban bayar ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan.

Kare ma an koma an kai masa buhunsa cikin kwana uku.

Ranar da Ummu Yasir ta tafi da buhun, da na samu na tashi, na buɗe akwatin na ciro zanen. Kullum in na buɗe warin kafur ke fara dukana. Rannan babu. Sai 'yar jakar tsumma a cikin ninkin, wadda ba ni na ɗinka ba, ba komai a cikinta. Na kai wa Rabi na ce kafur ɗin akwatina na shekara talatin ya ƙare. Ta ce kafur ba ya shekara talatin, ko shekara ɗaya ba ya yi, narkewa yake. Ni kuwa ban taɓa sayen kafur ba tun da na zo ƙasar nan. Mu biyu ne a gidan. Wa ke sakawa?

Tun yaushe ka sani? Tun ranar? Kana ɗaga katifa ka sani? Me ya hana ka faɗa, ko ka ɗauka da kanka ka aika mata? Ko kai ma ka ga ba ka da bakin magana ne, tunda ka ba da ita ba ka tambaye ni ba? Haka muka zauna, ni ina ɓoyewa, kai kana kore min asu. Mutum biyu da furfura. Wallahi da kana kusa da na yi maka faɗa.

To yanzu ga inda ake. Akwai wata baƙar kyanwa a hannuna, wata huɗu ke nan. Ba na sa musu suna, duk Ke nake ce musu, amma wannan ta san Ke ɗinta daban ce. Ta zo ba ta fi tafin hannuna ba. A ƙafafuna take kwana, in na yi sujada sai ta zauna gefen darduma ta jira in sallame. Wata malamar makaranta a unguwar Jurf ta gan ta a waya ta ce tana so. Gidan kirki ne, Ummu Yasir ta je ta duba, tagoginsu da raga. Sau biyu ana sa rana ina ɗagawa. Na farko na ce tana zawo. Na biyu na ce idonta na ruwa. Lafiyarta ƙalau duk biyun.

Jiya Ummu Yasir ta zo. Ba ta ce na yi ƙarya ba. Ta ɗaga kyanwar ta duba idon, ta ajiye, ta kira ni Khala, wato inna, kamar kullum, ta ce in ina so in riƙe ta har abada ba mai hana ni, amma in sani akwai jarirai uku a wurin likita da aka tsinta a kwali, ba uwa, ba gidan da zai karɓa, kuma ba a haɗa jarirai marasa rigakafi da babba a ɗaki ɗaya. Ɗakina kuwa ɗaya ne. Ta ce in yi tunani zuwa Alhamis.

Na gama tunani. Jibi za ta tafi Jurf. Tsohuwar rigarka ta gona da take kwana a kai tun zuwanta, da ita za ta tafi, ban wanke ba, ba zan wanke ba. Kada ka ce komai, ba amfanin da take maka. Zan fito da kaina in miƙa keji a mota, ba zan shige bayan gida in kulle ba kamar ranar Bilki.

Zanen kuma, akwai wata 'yar Maradi da ta zo umara, ranar Asabar za su tashi, ta san gidan Bilki. Bilki yanzu shekararta talatin da takwas, 'ya'yanta biyar, babbar ma an kusa aurar da ita. Tana kira duk sallah, Inna take ce min har yau, ba ta taɓa ta da zancen ba. Ƙila ta manta. Ƙila ta buɗe ta ce tsohuwar nan ta rikice, wane tsumma ne wannan. Ruwanta. Zan yi mata magana a waya in gaya mata da bakina ni na ɓoye, ba ɓata ya yi ba. In ta yafe, to. In ba ta yafe ba, tana da gaskiya.

Matsalar kawai, na shinshina zanen, ba ya warin komai sai akwati. Ba warinta, ba nawa. Aika shi haka daidai yake da aika sabo. Don haka tun jiya na ɗaura shi. Da shi na yi girki, da shi na turara ɗaki, da shi zan kwana har Asabar. Rabi tana ta kallona, wai ya koɗe, ya yi min gajere. Na ce ta rubuta abin da ke gabanta.

Saura abin da ke kan kowa, don in Allah ya yi min kira kafin a gama kada a ruɗe. Rabi, rubuta da kyau. Keji biyu da kwalaben madara na Ummu Yasir ne, a mayar mata. Rigar gona ta kyanwa ce, ta bi ta. Zane na Bilki ne, ko a jikina aka same shi a kwance a ba 'yar Maradin, kada a wanke. Kwanon ruwa na bakin ƙofa, matar Bayamani ta yi alkawarin cikawa, a tuna mata, tana da mantuwa.

Tsakanina da kai, ina binka tambaya ɗaya da ba ka shigo ka yi min ba. Na yafe. Kana bina gaskiya ɗaya, ga ta na biya, ko da yake ashe kana da ita a hannu tun tuni.

Sai na zo. In an samu wuri kusa da kai, to, in ba a samu ba duk ƙasa ɗaya ce. Zan tashi haka, akwai kwalaben da zan tafasa kafin jibi.

Matarka,
Hajara ta Ƙurban
da hannun Rabi