Tsanin Mai Fenti

Zuwa ga uwar ɗakina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ya yaran? Ina fata Auta ya daina tarin nan.

Kin ce za ku dawo ƙarshen wata, ki ɗan dakata. Tun da aka sauke tutar Turawa garin nan ya rabu gida biyu. Malaman makaranta sun kafa jam'iyya mai alamar mabuɗi, direbobi da 'yan kasuwa suka kafa tasu. Kin san alamar da suka zaɓa? Tsani! Duk abin duniya sai abin da nake cin abinci da shi.

Yanzu in na saɓo tsanina zan tafi aiki, layin tasha su yi ta tafi, layin makaranta su yi ta jifa. Na rantse musu ni fenti na sani, ba mai saurare. Mai gidan hayarmu ɗan Mabuɗi ne, ya ce ko tsanin ya bar masa gida ko mu bar masa. Na gwada hawa kan ganga, ga ni guntu kamar yadda kike tsokanata, ko saman taga ban kai ba. Wallahi tsoro nake ji, amma gobe dole in fita da tsanin.

Mijinki,
Mai fenti

Zuwa ga uwar ɗakina,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da yara. Kada rubutun ya firgita ki, tela maƙwabcinmu ke rubuta mini, hannuna na dama yana cikin filasta.

A bakin kantin magani 'yan Mabuɗi suka tare ni. Sun karya tsanin, sannan suka dawo kaina. Cikinsu har da malamin da ya koya wa babbar 'yarmu karatu, da muka haɗa ido ya kawar da kai. Direbobi ne suka tsamo ni daga kwata suka kai ni asibiti. Washegari hotona ya fito a jaridarsu, wai gwarzon jam'iyya. Mai gida ya gani, ya fito mana da kaya tsakar gida.

Ku zauna wurin Inna har a gama zaɓe. Jiya direbobin sun kawo mini katin jam'iyyarsu. Har yau ban san me suke so su yi da ƙasar nan ba, amma na dangwala, da hagu.

Naki har kullum,
Mai fenti