Na ga mijin yayata da ake cewa ya ɓace, a gidan abincin Tailan

Assalamu alaikum masu wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, masu karatu kuma ku ji ni har ƙarshe kafin ku zage ni, na san ina da laifi.

Ni 'yar Agadas ce, ina aiki a wani biro, wato ofis. Yayata, wadda ta raine ni, mijinta Agali ya tafi Cibarakaten neman zinariya, daga baya aka daina samun telefon ɗinsa. Wasu suka ce motarsu ta ɓace a saharar Tenere. Ga fari, awakin Inna mahaifiyarmu sun ƙare a daji, hatsi ya yi tsada, ita kuwa Yaya da 'ya'ya uku tana saƙar tabarmi tana jira. Ba ta san ko matar aure ce ko mai takaba ba.

Watan jiya na ce wa gida an tura ni formasiyo, wato kwas na ƙaro ilimi, a Yamai. Ƙarya ce. Wani kapitan na sojoji ne da muke tare a ɓoye ya kira ni, kun san yanzu lokacinsu ne, su ke mulki. Ranar Lahadi da rana ya kai ni wani sabon restoran na 'yan Tailan. Ƙofar gilashi, sanyin kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, har ruwa ke gangarowa a jikin bango don ado kawai, alhali a unguwarmu sai an kwana a layin pampo. Aka kawo miyar kwakwa mai tsami da yaji da jatan lande a ciki, da shinkafa mai ƙamshi. Ban ɓoye muku ba, na ji daɗi, ina ta ɗaukar hoto.

Ina ɗaga kai sai na ga Agali. Ya yi ƙiba, cikin farar shadda, da wasu abokansa suna dariya, har yana nuna wa ɗaya yadda ake cin taliya da 'yan sanduna. Mutumin da muka yi wa saukar Alƙur'ani! Cokali ya faɗi daga hannuna. Shi ma ya gan ni, ya dubi kakin wanda ke gefena, ya dubi kaina ba mayafi.

Da na tashi wanke hannu ya biyo ni. Ya tambayi abin da ya kawo ni Yamai, na ce formasiyo. Na tambaye shi ko ya san ƙaramar 'yarsa ta yi ƙyanda har an kwantar da ita lopital. Bai ko tambayi yadda take ba. Cewa ya yi ya gaji da gidan da kullum buƙata, ya samu rabonsa kuma zai ci. Sannan ya rage murya ya ce, "Ƙanwata, Inna ta san irin formasiyon da kike yi? Ba ki gan ni ba, ban gan ki ba."

Kun san me na yi? Na koma na zauna na cinye abincina, har da mangwaro da shinkafa mai zaƙi da aka kawo a ƙarshe. Wace irin ƙanwa ce ni?

Da na dawo, Yaya ce ta tarbe ni a tasha, ta ɗaukar mini jaka, tana tambaya ko karatun ya yi wuya. Ta ce ta yi mafarkin Agali yana roƙon ruwa, ta ce in taya ta addu'a Allah ya sa bai sha wahala ba. Na ce amin.

Yanzu kawunnanmu sun yanke za a yi masa sadaka Juma'a mai zuwa, ita kuma ta shiga takaba. Ta riga ta cire 'yan kunnenta. In na yi magana, Agali zai tona ni, Inna mai hawan jini ce, kapitan ɗin ma yana da iyali. In na yi shiru, zan zauna ina raba wa mutane gumba don mamacin da na gani da idona yana sakace haƙori.

Jama'a, kafin Juma'ar nan me zan yi?